Cokalin Kawu

Jiya a ofis wani ya buga cokali a bakin kofin shayi, sai na yi shiru a tsakiyar magana. Tun bara Kawu ya rasu, amma ƙarar nan ba ta daina tsayar da ni ba.

Shi ne nawa ɗaya tilo da na zo aiki Abuja. Ya yi ritaya daga ma'aikata, ya koma garin Karshi, nan kusa da Abuja. Duk Asabar nakan same shi a gindin mangwaro da shayinsa mai citta, in karanta masa abin da zan faɗa a taro. Ba ya katse ni da baki. Da na sako wata kalmar Turancin 'yan zamani, sai ya buga cokali.

Da zan fara magana gaban darakta, na ƙawata jawabina sosai. Ban yi nisa da karanta wa Kawu ba cokali ya yi ƙara.

"Wannan a ina kika tsinto ta?"

"A fim, Kawu."

"Mayar musu da abarsu. Turanci rigar aro ce, 'yata. Sa wadda ta yi miki daidai, bar wa 'yan rawa tasu."

Na ji haushi, amma na cire ta.

Gobe ina da taro. Na karanta jawabin da ƙarfi a ɗakina, daga farko har ƙarshe, babu abin da ya tsayar da ni. Ban sani ba ko ya yi kyau ne, ko kuwa mai cokalin ne babu.

Allah Ya haskaka kabarinka, Kawu, Ya sauƙaƙa maka harshe ranar tambaya.