Buzuzun Ajinmu

Ko da tsufa zai kwashe min komai, ba zan manta shekarar da na ci yabon da ba nawa ba a ajin yaƙi da jahilci.

Wani tsohon ɗakin ajiya aka ba mu a hanyar Lajawa, muna karatu bayan la'asar. Ba shi da ƙyaure, don haka awakin unguwa suka mai da shi masauki. Amma kullum fes muke tarar da shi. Da yake ni nake fara zuwa, wata rana malaminmu ya ce, "Allah ya saka da alheri, Alhaji, da wannan shara." Ban je Makka ba, ban kuma taɓa tsintsiya ba, amma duka biyun na karɓa. Na sunkuyar da kai kamar mai kunya. Sati bai zagayo ba aka naɗa ni monita.

Ƙarshen Disamba sai ɗaki ya koma turke, kashin awaki har kan benci. Kowa ya zuba min ido.

"Monita, tsintsiyar ce ta tafi ganin gida?" in ji wani mahauci.

Na ce bayana ke ciwo. A ranar na lura da gurbin wani dattijo Kirista, mai facin taya, da ke zama can ƙarshe. Ya tafi garinsu Kirsimeti. Don kada asirina ya tonu, kwana goma ina shara ina tsine wa awaki.

Da ya dawo na je tun kafin la'asar, na same shi a duƙe da tsintsiya.

"Baba, kana ji ana yabona, ka yi shiru?"

Ya nuna min buzuzu a bakin ƙofa, yana tura kashi da baya-baya. "Ka taɓa jin an yi wa wannan sannu da aiki? Ga shi yana binne taki, gero na fitowa. Wanda nake yi dominsa yana gani."

Na ce zan faɗa wa malam gaskiya.

"Riƙe monitancinka, kada ka ɓata min lada. Sai dai ka riƙa shiga lungu, Alhaji, ba ka iya shara ba."

Tun daga ranar, in na ga wuri fes, ba na gode wa wanda na tarar a tsaye. Wanda ya duƙa nake nema. Buzuzu kuwa, ko a gona muka haɗu, ni nake ba shi hanya.