Jajayen Duwatsun Babana

Akwai wata ranar Juma'a da nake jin ko a bakin kabari ba za ta fita daga raina ba. A lokacin ina shofer, wato direban babbar mota, ina jan kamiyon wani kamfani da ke fasa duwatsu a arewacin Dakoro. Shekara biyu ina ɗauko tsakuwa ina kai wa masu gini da masu aikin hanya. Da wannan sana'a nake ci da iyalina, kuma ban taɓa tsayawa na kalli wurin da ake fasa duwatsun ba.

Babana kuwa tun muna yara labarinsa ɗaya ne. Da ƙuruciyarsa yana kora raƙuman wani Buzu zuwa kasuwar Dakoro, kuma a hanya akwai wani kwazazzabo da suke yada zango. Ya ce bangonsa ja ne mai layi-layi kamar an jera tabarmi, in ka shafa sai yashi ya biyo hannunka. Iska ta sassaƙa wani dutse ya zama kamar raƙumi a gurfane, ƙarƙashinsa kuma ruwa mai sanyi da ba ya ƙafewa. A gindin dutsen nan ya binne ƙanensa, wanda zazzaɓi ya kashe a hanya. Da sunan Buzanci yake kiran wurin. Mu kuwa in ya fara sai mu haɗa ido, mu sulale ɗaya bayan ɗaya.

Da tsufa ya kama shi, yana ta rufe masa ido, sai ya kira ni ya ce, "Ina son ka kai ni in yi wa ƙanena addu'a tun ƙafata na ɗaukata." Na ari motar wani abokina muka kama hanya da sassafe. Shi ke kwatance. "In ka wuce rijiyar makiyaya, ka bar tudun yashi a damanka." Na bari. "Za ka ga gawo biyu a jere." Tun kafin ya rufe baki na gane inda muka nufa, don a inuwar gawon nan nake tsayawa in zuba wa kamiyo ruwa. Kowane rami na hanyar na san shi. Na so in ce motar ta lalace mu koma, amma na ci gaba da tuƙi.

Da muka isa na riƙe hannunsa muka sauka. Bangon gabas yana nan da jansa da layukansa, kuma wallahi ran nan na fara ganin kyansa. Na yamma kuwa an cinye shi, sai tarin tsakuwa da sawun tayoyi. Baba ya miƙa hannu ya shafa bangon, ya murza yashin a yatsunsa, ya yi murmushi.

"Nan ne. Kai ni wurin raƙumin."

Babu raƙumin. Inda ya kamata ya kasance, nan aka baje aka yi filin da muke juya motoci. Sai ga maigadin wurin ya taho da fara'arsa.

"A'a, shofer! Yau ba kamiyo? Ko hutun ma sai ka zo ka duba mu?"

Na ji hannun Baba ya saki nawa a hankali. Ya juyo da farin idonsa wajena.

"Nan kake aiki?"

"Nan ne, Baba."

"Kai ka kwashe shi?"

"Har da ni."

Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya ce in nuna masa gabas. Ya ƙirga taku daga bangon da ya rage, ya tsuguna a tsakiyar sawun tayoyi, ya ɗaga hannu ya daɗe yana addu'a. Ina tsaye a bayansa ina tunanin sau nawa na taka wurin nan da lodi.

A hanyar komawa magana ɗaya ya yi: "Ashe duk shekarun nan ni kaɗai nake sauraron kaina." Daminar da ta biyo baya Allah ya yi masa rasuwa, bai sake ambaton wurin ba. Ni kuma, don kada in yi ƙarya, sai da na ƙara shekara guda ina jan kamiyon, saboda 'ya'ya ba sa cin nadama.

Abin da na koya shi ne, in tsoho yana maimaita labari, amana yake neman wanda zai karɓa. Tambaya ɗaya, "Baba, a ina ne wurin?", da ta ishe ni, amma na kai shekara arba'in a duniya ban yi ta ba.