Rabin Silin da Yaya Ya Bari

Yayana mai fenti ne, kuma a fentin ma silin ne gwanintarsa. Tun ina ƙarama na san shi da kai a ɗage, ɗigon farin fenti a gira. Innarmu takan ce wata rana sai ya taka maciji bai sani ba, don ƙasa ba ta dame shi ba. Ko gaisuwa muka je gidan mutane, kafin a gama amsa sallama ya gano inda rufinsu ke yoyo.

Ranar da abin ya faru silin falonsa yake yi, don matarsa ta ishe shi da gorin yana gyara na kowa ya bar nasa. Ya kai rabi, ya sauko wanke buroshi, ya ajiye gwangwanin tina, man wanke fenti, kusa da risho yana ci. Wuta ta kama rigarsa, ta cinye masa wuya da ƙirji. Ya rayu, mun gode Allah. Amma da ciwon ya warke sai tabon ya riƙa ƙanƙancewa, yana jan haɓarsa ƙasa a hankali har ta kusa manne da ƙirji. Aiki ya tsaya. Tsaninsa ya koma tsakar gida, matarsa na shanya a kai.

'Yan unguwa suka sa masa Mai Ladabi. Tsofaffin da ba su san labarin ba har nuna shi suke wa yaransu, wai a dubi yadda babba yake sunkuyar da kai in yana gaisuwa. Shi dariya yake yi, ni kuwa abin yana ƙona mini rai. Da yake ƙafafu kawai yake gani, sai ya koyi sanin mutane da takalmi. Ina shigowa zai ce, "Auta, har yanzu ba ki kai wannan silifas ɗin an ɗinke ba?"

Likitan farko a waya wata maƙwabciya ta nuna mana tallarsa. Ofishinsa na saman wani bene mai shaguna, ga kafet, ga sanyi, bango cike da hotunan mutane kafin aiki da bayan aiki. Yaya bai ga hotunan ba, bai ga fuskar mutumin ba. Baƙin takalmi ya gani yana ƙyalli. A hanya ya ce mini, "Wanda yake kula da takalminsa haka ai zai kula da wuyana." Mutumin ko taɓa tabon bai yi ba, ya ce aiki ɗaya ne, wuya zai koma sumul. Ya tsaga, ya ɗinke. Kan ya ɗan ɗagu har muka fara murna, sai wurin ya yi ruwa, da ya warke kuma ya ɗaure fiye da da. Duk zuwan da muka yi bayan nan, yarinyar da ke bakin ƙofa ta ce likita ya yi tafiya. Daga baya na je hukumar da ke rajistar likitoci, aka ce mini likita ne da gaske, amma bai taɓa koyon tiyatar gyaran jiki ba.

Daga nan muka shiga yawon asibitoci. Na san bencin da ke da ƙusa, na san tagar da ake rufewa in mai kati ya tafi cin abinci. Na zama fitinanniya. Duk wanda ya ce zai iya, sai na tambaye shi inda ya koyi wannan aikin, da wanda zai yi allurar barci, da wanda za mu nema in wurin ya sake ruwa. Wani ya ce ko ni ce likitan. Na ce a'a, ƙanwar mai wuyan ce. Gaskiya na gaji, gajiyar da barci ba ya saukewa. Yaya ma ya fara cewa a bar shi haka, ai ya saba.

Sai wata ma'aikaciyar jinya ta tura mu wurin wata likita a sashen masu ƙuna na babban asibiti. Ɗakinta ƙarami, fankar ma ƙara take yi. Ta shigo da takalmin roba wanda duddugensa ya siɗe. Na ga Yaya ya taɓe baki. Ita kuwa ta jawo 'yar guntuwar kujera ta zauna ƙasa da shi, ta leƙo fuskarsa. Ta daɗe tana lalubar tabon da yatsa, sannan ta ce, "Malam, sai na yanko fata daga cinyarka na dasa a nan. Ba aiki ɗaya ba ne. Za ka yi watanni da abin wuya mai tauri, za ka tsane ni. Tabo kuma ba zai ɓace ba."

Yaya ya ce, "Zan koma kan tsani?"

"Za ka kalli mutum ido da ido. Tsani kuwa ba zan yi maka alkawari ba."

Ta ce mu je hukuma mu duba sunanta, mu kuma zauna a layin waje mu tambayi waɗanda ta yi wa aiki tun bara. Mun yi duka biyun. A mota Yaya ya ce takalminta kamar na mai wankin mota. Na ce, "Mai ƙyallin me ya tsinana maka?" Sai da muka kusa gida ya ce, "Ita za ta yi. Ita kaɗai na ga fuskarta."

Ba ƙarya ta yi ba, ya tsane ta. Ciwon cinyar ya fi na wuyan, abin wuyan ya saɓule masa fata, masu gashi da ke miƙar masa da wuyan suka sa babban mutum hawaye. Muka yi ta zarya har na daina lissafi.

Ranar da aka cire masa abin wuyan muka dawo gida da la'asar. Ya zauna a falo, ya jingina, ya fara ɗaga kai kaɗan-kaɗan har inda wuyan ya tsaya. Rabin silin fari ne, rabin kuma tsohon fenti da baƙin hayaƙi da yanar gizo, ga layin da ya tsaya a ranar nan.

Ya ce, "Na ɗauka an ƙarasa shi tuntuni."

Matarsa ta ce, "Abokan aikinka sun zo da bokiti. Na hana."

Ya daɗe yana kallo, jijiyar wuyansa na rawa. Can ya ce, "Layin ma a karkace yake." Ya sauke kai ya huta, ya sake ɗagawa. "A kwashe shanyar nan daga tsanina."

Ni da matarsa muka kalli juna, don mun ji abin da likita ta ce. Na cire mayafi na fita tsakar gida, na fara kwashe kayan, wasu ma ba su bushe ba.