Muttaka Kabo, Wanda Aka Rubuta Ɗan Dako

Haihuwa

An haifi Muttaka a unguwar Jarwal ta Makka a shekarar 1368 Hijiriyya. Mahaifinsa Mukhtaru, mutumin Kabo, ya zo hajji da ƙafa bai koma ba. Mahaifiyarsa Kabira fura take sayar wa alhazai.

Karatu da sana'a

Bayan ya sauke Alƙur'ani, a 1385 ya shiga wata maɗaba'a mai buga littattafan addu'o'in hajji, inda wani Ba'indiye ya koya masa zubin darma: a jera haruffa, a danna su a kan kwali mai damshi, a zuba narkakkiyar darma a gurbin, sai faranti ya fito wanda zai buga shafi dubbai iri ɗaya. Ba'indiyen ya ce Turawa na kiran farantin sitiriyotaif. Sau uku Muttaka kan duba shafi kafin zubi, domin kuskuren da ya shiga darma ba ya fita.

A 1391 ya je ofis karɓar iƙama, takardar izinin zama. Ma'aikacin ya ɗaga kai sau ɗaya, ya ga baƙar fata, ya ce, "Takruni? Hammal," ya rubuta ɗan dako a gurbin sana'a. Muttaka ya nuna masa ƙunar darma a yatsunsa. Aka kira na bayansa.

Aure da iyali

Ya auri Rumasa'u a 1396. Sau tara yana shigar da takardar neman gyaran sana'ar da ke iƙamarsa, kuma duk sabuntawa tsohon rubutun ake kwafewa. A 1412 aka so naɗa shi shugaban ma'aikata, iƙamar ta hana, aka naɗa wanda shi ya koya wa aikin.

Tsufa

Da maɗaba'ar ta bar darma a 1420, ya koma unguwar Mansur da zama. A can 'yarsa Afnan ta ce masa, "Abuya, kalmar nan taka ta sitiriyotaif fa ta sauya. Yanzu Turawa na nufin hukuncin da ake yanke wa jama'a a dunƙule, ba a dubi mutum ba."

Ya ce, "Ashe su ma sun je ofishin nan."

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a watan Rajab na 1445. Aka yi masa salla a Harami bayan La'asar, aka binne shi a maƙabartar Shara'i. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: Abdulilah, Maha, Dalal da Afnan.

A takardar shaidar rasuwarsa an rubuta hammal. Abdulilah ya mayar da ita ta tagar ofis, ya ce, "Ya akhi, kayan wa ya taɓa ɗauka?"