Ranar da Yaya Ya Bar Makulli a Jikin Mota

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana, wanda muke ciki ɗaya da shi, bayan 'yar gajeriyar jinya. An yi masa sutura bayan azahar, kuma jama'ar da ta raka shi ta cika layinmu har ta malala bakin titi. Ina tsaye a sahun gaba ina kallonsu, ina tambayar kaina ko rabin waɗannan za su fito ranar tawa. Ka ga, Yaya, ko a kan makara sai da ka sa ni wannan tunani.

Ba wani ɓoyayyen abu ba ne cewa na taso ina kishinka. Duk gidanmu an sani, kai ma ka sani, har ka mai da shi abin tsokana. Ka fi ni tsawo, ka fi ni sanyin rai, kuma in kana magana mutane kan yi shiru su saurara, ni kuwa sai na ɗaga murya. Duk wannan na iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne motar.

Ga wanda bai san ta ba, tsohuwar mota ce koriya mai dogon hanci, da zagayayyun fitilu, da kujerun jar fata, giyarta a jikin sitiyari take. Mahaifinmu ya saye ta a hannun wani likita tun muna 'yan makaranta. Da tsufa ya kama shi, sai ya kira mu biyu ɗakinsa, ya ba ni shagon yadinsa, ya miƙa maka makullin motar. Kowa ya ce ni na fi samu, gaskiya ne kuma, don shagon ne ya ci da ni da iyalina har yau. Amma ranar nan da muka fito daga ɗakin, idona na kan hannunka.

Kai kuma ka riƙe ta riƙon da ban taɓa ganin wani ya yi wa abin hawa ba. A lokacin an daina ƙera irinta, kayan gyaranta sun yi wuya, ɓarayi kuma sun gane cewa fitila ɗaya tata ko marfin taya ya fi wata motar sukutum daraja a wurin masu tara tsofaffin motoci. Sai ka ɗaura ɗamara. Ka sa aka yi wa gareji ƙofar ƙarfe mai sakata ciki da waje. In ka ajiye ta, sai ka karya tayoyin gaba su kalli bango, ka ɗaure sitiyari da birki da wata sarƙa mai kaurin gaske da ka samo a wurin aikinka na jirgin ƙasa, ka datse da kwado. Sannan ka buɗe bonet, ka zare wani ɗan ƙaramin abu da makanikai ke kira rota, wanda in babu shi inji ba ya tashi, ka naɗe shi a hankici ka sa a aljihu. Mai ɗakinka ta sha tsintar sa a aljihun rigar da ta ɗauko za ta wanke. In an gayyace ka ɗaurin aure, kujerar da ke kallon taga kake nema, a gaisa da kai idonka na waje. Akwai ranar da muka je gaisuwar wani ɗan uwa, ka zagaya unguwar har sau ba adadi don ba ka sami inda za ka ajiye ta kana hango ta ba, daga ƙarshe ka ce ni in shiga in gaishe su a madadinka.

Ba a cin ko gyaɗa a cikinta. Ba a buga ƙofarta, sai dai a tura a hankali har ta ce ƙyas. Ni kuwa, ƙanenka, da furfurata da lasisina, ban taɓa zama a bayan sitiyarinta ba. Na tambaya sau ɗaya muna samari, sau ɗaya kuma bayan na yi aure. Amsar ba ta canja ba: “Ƙarami, ƙafarka nauyi gare ta.” Haka kake kirana, Ƙarami, har a gaban jikokina. Na sayi motoci nawa na kaina, sababbi fil, masu sanyi da rediyo, na zo na ajiye a ƙofar gidanka don ka gani. Sai ka zagaya kowacce, ka ƙwanƙwasa ƙofa da yatsa, ka ce, “Allah Ya sa alheri, Ya tsare hanya.” Da zuciya ɗaya kake faɗa, shi ne ma abin haushin. Ko sau ɗaya ban ga ƙyashi a idonka ba.

To ga abin da nake so waɗanda suka ɗauke ka mai son ƙarfe fiye da mutane su sani.

Wata Asabar da tsakar rana, na hau tsani a shago zan sauko wa wata mata bandir ɗin yadi daga can saman kanta. Tsanin ya goce, na faɗo, kaina ya daki gefen teburin awo. Abin da ya biyo baya maƙwabtan shago ne suka ba ni labari. Ranar fitarka ce da motar, ka biyo ta layinmu kamar yadda ka saba, ka tarar da mutane sun yi cirko-cirko a kaina, jini na zuba, ana ta shawarar wa za a kira. Ba ka tambayi kowa komai ba. Ka sungume ni, da shekarunka, ka shimfiɗe ni a kujerar bayan nan da ba a cin gyaɗa a kanta. Mai shagon takalma da ke kusa da ni ya ce ya miƙo maka leda ka shimfiɗa, ka ture hannunsa. Ya ce tun da yake bai taɓa jin motar nan ta yi kukan da ta yi ran nan ba.

A ƙofar asibiti ba ka nemi inuwa ba, ba ka karya taya ba. Sarƙar na kwance a ƙasan kujera, rota na cikin inji, makulli na jiki, ƙofa a wangale. Ka ɗauke ni ka yi ciki, ka tsaya a kaina har aka ɗinke ni, aka ce maka na tsallake. Da ka fito, sai ɗigon baƙin mai a inda ta tsaya.

Ka hana kowa ya gaya mini. Kullum kana zuwa da kwanon abinci, ka zauna a bakin gado kana tsokanata cewa ashe kan nawa ya fi teburin tauri. Ranar da aka sallame ni, muka fito harabar asibiti, sai na ga ka tsayar da tasi.

Na ce, “Yaya, ina motar?”

Ka ce, “Shiga mu tafi, rana na dukan ɗinkin.”

Na ce ba inda za ni sai ka faɗa mini. Sai ka dube ni ka ce, “An ɗauke ta. Ka ga ai ta yi aikin da aka saye ta dominsa. Shiga.”

Iyakar abin da ka taɓa faɗa a kan maganar ke nan. Ban taɓa jin ka goranta mini ba, ko da wasa, ko a lokutan da muka yi saɓani har muka daina gaisawa na ɗan lokaci. Na yi maka godiya, na kuma yi kuka a cikin tasin nan. Amma zan faɗi gaskiya tunda kai ka saba jin ta daga bakina: har a wannan ma na ji kishi. Na kwanta ina juya abin, da ni ne a matsayinka, da na tsaya zare makullin ko ban tsaya ba? Har yau ban sami amsar da ta kwantar mini da hankali ba. Kai kuwa tambayar ba ta ma zo maka ba.

Daga nan ne Sifana ya shigo tsakaninmu. Makanike ne, tun da can shi ke duba maka motar, sunan kuma abokan aikinsa suka laƙaba masa don ba a taɓa ganinsa ba sifana a aljihun baya ba. Ya rufe garejinsa, ya shiga bin masu sayar da tsofaffin kayan mota rumfa-rumfa, kamar mai neman saye. A wata rumfa ya ga zoben fitila, ya gane waldar da ya yi da hannunsa. Ya kai wa hukuma labari, aka bi sawu, aka sami motar a bayan wani kangon gini an lulluɓe ta da buhuna. Na je na gan ta da aka jawo ta. Babu fitilu, babu bamba, babu kujeru, an fasa gaban an kwashe agogunanta. Ka zagaya ta ka ɗora tafin hannunka a kan bonet. Sannan ka juya, ka rungume Sifana. Ina tsaye a wurin, da bandeji a kaina.

Shekaru kuka yi kuna mai da ita yadda take. Ƙarfe ɗaya in an samu yau, na gaba sai bayan watanni. Kowace Asabar kuna cikin gareji ku biyu, ƙafafunku kawai ake gani ta ƙarƙashin mota, kuna magana da wani yare na kusoshi da wayoyi da ban san kansa ba. Ni kan zo in zauna a kan benci, in miƙa abin da ba shi aka ce in miƙo ba, ku yi dariya. Na so in saka hannuna ko ta wace hanya, tunda a dalilina aka yi asarar. Na ɗauko yadi mafi kyau a shagona, mai kauri, jan da ya yi kusa da na da, na ce a yi kujeru da shi. Ka shafa shi, ka yaba, ka ce, “Ƙarami, fata ce tata.” Ka sa aka ɗinka wa mai ɗakinka labule da shi. Labulen na nan a falonka, duk sanda na shiga sai mun haɗa ido.

Da aka gama, Sifana ya yi mata wata dabara. Ya ɓoye wani ɗan famfo a hanyar fetur, wanda in ba a murɗa shi ba, motar za ta tashi ta yi 'yar tafiya kaɗan ta mutu. An kuwa gwada ta. Wata rana a bakin kasuwa, ka shiga sayen magani ka ɗan yi sakaci da sarƙar, wasu suka fasa ƙofa suka ja ta, ba su kai kwanar layi ba ta tsaya musu cak a tsakiyar jama'a, suka fita da gudu har ɗaya ya bar takalminsa. Unguwa ta yi mako tana ba da labarin. Ni ma na yi murna, na same ka a gefe na ce ka nuna mini inda famfon yake, ko don wata rana.

Ka yi murmushi ka ce, “Kai da shagonka ba ya rabo da 'yan hira? Kafin la'asar ai mai shayi ma ya sani.”

Na san ba ƙarya ka yi ba. Amma na tafi gida ran nan ban yi maka sallama ba.

Da ciwo ya kwantar da kai, ka kira Auta, 'yarka ta ƙarshe, wadda ka koya wa tuƙi da kanka, ka damƙa mata makullin a gabanmu. Ka sa Sifana ya kai ta gareji ya nuna mata komai. Na dubi ƙasa. Ka lura, don ba abin da ke wuce maka, ka ce, “Ƙarami, kai za ka riƙa tsawata mata in ta yi gudu.” Na ce to. Wannan muƙamin ne rabona, na kuma karɓa.

Ranar Talatar da safe na zo na tarar ka ɗan ji sauƙi, har ka sha ruwan shayi. Ka ce in je in buɗe shago, kada in saba wa mutane da rufaffiyar ƙofa. Na tafi. Ban gama jera kaya ba Auta ta kira ni. Da na iso, an riga an rufe ka, Sifana na zaune a ƙasa a gefen gado. Shi ya riƙe hannunka, shi ya laƙƙana maka kalmar shahada, ya ce ka amsa ta sarai. Na gode wa Allah da wannan. Amma wurin nan nawa ne, Yaya. Ni na san hannun nan tun yana riƙe da nawa a hanyar makaranta. Daga baya na ja Sifana gefe na tambaye shi ko ka ambace ni. Mutumin kirki ne, bai iya ƙarya ba. Ya ce a'a, ba ka ambaci kowa ba, ka dai nemi a gyara maka matashi.

A zaman makoki tabarma ɗaya aka shimfiɗa mana ni da shi. Na lura da yadda mutane ke gaishe ni a matsayin ɗan uwa, su yi addu'a, sannan su juya gare shi su riƙe hannunsa su daɗe. Raina ya ɓaci, har na ƙudura zan sa a canja masa wuri. Ana cikin haka wani mai tsadaddiyar shadda ya durƙusa kusa da mu, ya yi gaisuwa a gurguje, ya rage murya ya ce in iyali na da niyyar rabuwa da motar a tuna da shi. Kafin in buɗe baki, na ga Sifana ya sunkuyar da kai, dattijo da shi yana kuka kamar yaro. Na sallami mutumin yadda ya dace da shi. Sai na zauna ina kallon wannan bawan Allah da na yi shekaru ina amsa gaisuwarsa a daƙile, na ga a duk taron nan ba wanda ya rasa abin da na rasa sai shi. Babu kuma wanda ya rage a duniya da zan ce wa “ka tuna yadda Yaya ke yi” ya gane kafin in ƙarasa. Na kama hannunsa mai kanta, na ce, “Malam, ya haƙuri?” Ya ce, “Haƙuri sai ma'abocinsa. Ya namu haƙurin?” Muka zauna a haka har aka kira la'asar.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Yadda ya ɗauki ɗan uwansa bai waiwayi abin da ya fi ƙauna a dukiyarsa ba, Ka ɗauke shi da rahamarKa ranar da kowa ke ta kansa. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinsa, wadda ta yi haƙuri da shi da garejinsa tsawon zamansu, da 'ya'yansa da jikokinsa, da Auta da aka ɗora wa amana, da abokan aikinsa na jirgin ƙasa, da amininsa Sifana. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu ƙarshen.

Ka riga ni a komai, Yaya, ga shi a nan ma ka riga ni. Allah Ya sa inda ka tafi ya fi inda ka bari, Ya haɗa mu a Aljanna, ko da kai ne a gaba. Amin.