Cittar da Na Kira Shara

Na gina gida a Kujama ne don na gaji da hayaniyar Kaduna, amma ban bar aikina a can ba. Kullum da sassafe ina bakin titi ina jiran bas, da yamma in dawo rigata tana warin hayaƙin mota. Garin ma haka yake, rabi birni rabi ƙauye. Maƙwabcina na dama ma'aikacin banki ne, in ka gaishe shi sai ya ɗaga maka hannu ta gilashin mota. Na hagu kuwa da garma yake fita, kuma ba ya sakinka sai ya tambayi lafiyar kowa a gidanka har kaji.

Bayan rasuwar Baba na je Fadan Kaje na ɗauko Mama, da ƙyar da roƙo. Gwiwoyinta sun gaji, ga hawan jini, kuma a gidan can babu mai miƙa mata ko ruwa in ta kwanta. Ta ce za ta gwada zama da mu, in bai yi mata ba ta koma. Jakarta ma ba ta kwance ba, tana bayan ƙofa, sai dai ta zaro zane ta mayar da wani. Duk safiya sai na leƙa jakar nan kafin in fita.

Ni kuwa a lokacin abu ɗaya ke kaina: intalok, bulon nan da ake jerawa a tsakar gida. Abokan aikina duk sun shimfiɗa nasu, ni kaɗai ke shiga ofis da jar laka a takalmi, suna cewa manomi ya iso. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Farkon damina na kira masu aikin, suka zo wata Asabar da Mama da matata suka wuni a taron zumuntar mata a coci.

A bayan kicin akwai wani ɗan wuri da bai wuce faɗin tabarma biyu ba, an tula masa ganye har ya fara bushewa. Babban masu aikin ya nuna mini, ya ce, "Wannan fa, Oga?"

Na ce, "Shara ce, ku kwashe."

Suka kwashe, suka zuba yashi, suka jera bulo tsaf.

Da yamma na tsaya tsakar gida ina jiran yabo. Mama ta wuce ni, ta nufi bayan kicin, ta tsaya a kan bulon ta daɗe tana kallon ƙasa. Sannan ta ce da yarenmu, a hankali, "Ina cittata?"

Kai, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ni ɗan manomin citta ne. Na girma ina ɗauko ganye a ka daga daji, domin in an shuka citta sai an rufe ta, in ba haka ba rana ta kashe irin kafin ya tsiro. Shekarun birni sun sa na kalli rufin citta da idona na kira shi shara. Matata ta raɗa mini cewa irin daga gonar Baba ta ƙarshe ne. Mama ta taho da shi a ƙasan jaka, ta shuka lokacin ina wurin aiki.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Gidan ya yi kyau. Litinin ka kai ni tasha."

Litinin ban je bakin titi ba. Gari na wayewa na durƙusa ina ɓamɓare bulo ɗaya bayan ɗaya, ina kwashe yashin da hannu. Maƙwabcina manomin ya leƙo ta katanga yana dariya: "Oga, shekaranjiya an saka, yau ana cirewa, lafiya?" Da na faɗa masa sai dariyar ta tsaya. Ya tafi, ya dawo da damin ɗanyen ganye. Wasu daga irin sun murƙushe, amma wasu suna nan da ɗan farin idonsu.

Ina cikin rufewa Mama ta fito da jakarta, ta shirya. Ta kalle ni, ta yi tsaki.

"Haka ubanka ya koya maka? Ya yi kauri, ta ina za ta fito? Matsa."

Ta ajiye jakar, ta duƙa da gwiwoyin nan nata, ta gyara. Ta ce za ta jira ta ga ko zai tsiro, sannan ta tafi.

Sati uku ina dawowa daga Kaduna ina wucewa bayan kicin tun kafin in cire takalmi. Rannan na tarar tsiro bakwai sun huda ganyen, sirara, kore shar. Na shiga ɗakinta in yi mata albishir, ashe ta riga ni gani. Na dubi bayan ƙofa, babu jaka. An kafa ƙusa a bango, tsohuwar fartanyarta tana rataye.

Ta ce, "Gobe in za ka dawo, ka sayo mini irin yakuwa. Kuma ka ƙara cire layi biyu na bulon nan."