Kashi na Biyun da Na Ba Inna

Wayata ce ta yi ƙara sau ɗaya, 'yar siririyar ƙarar nan ta shigowar saƙo, tana ajiye bisa murfin randa. Ina tankaɗen garin dawa, hannuwana duk sun yi fari, sai na ce wa 'yata mai shekara tara ta duba mani. Ta karanta da ƙarfi, tana jan kalmomi kamar a aji. Wata ƙawata ce ta sakandare ke sanar da mu cewa kashi na biyu na fim ɗin yaron jirgi ya fito, bayan shekara ashirin da 'yan kai.

Rariya ta tsaya a hannuna. Kafin in ce uffan, Inna, mahaifiyata, ta ɗago kai daga tabarmarta.

"Yaron jirgi? Wanda kika ba ni labarinai? Ai wannan ya daɗe da hitowa."

"E, Inna. Yanzu ne aka sa shi a waya."

"To ku sa mani bayan la'asar, in ji da kunnena."

Na ce to.

A ƙauyenmu, can gefen Zurmi, gida ɗaya ne ke da talabijin da bidiyo, gidan hedimasta. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci ake tayar da janareta, yara mu cika tsakar gida. Matan aure ba su fita, don haka kowace uwa tana da 'yar da take aikawa ta kallo mata. Wannan shi ne aikina. In na dawo, Inna na surfe ko tana dama fura, ni kuma in tsaya gabanta in zama fim ɗin gaba ɗaya: in yi muryar tsoho, in yi tafiyar ɓarawo, in rufe fuska da mayafi in yi kukan amarya. In labari ya yi daɗi sai taɓarya ta tsaya a sama. Baba, da yake malami ne, ba ya son zancen, amma na sha ganin littafinsa a buɗe shafi bai motsa ba.

Fim ɗin yaron jirgi labarin wata gwauruwa ne da ɗanta tilo, wanda ya hau jirgin ƙasa ya tafi kudu neman na kansa. Shekaru suka wuce babu wasiƙa. Kullum jirgi zai iso, sai ta je tasha ta tsaya da ƙwaryar fura a hannu. A ƙarshen kaset ɗin jirgi ya tsaya, mutane suna ta sauka, tana leƙen fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Sai hoton ya daskare. Aka rubuta a saurari kashi na biyu.

"To, sai mi?" in ji Inna.

"Shi ke nan, sai an kawo na biyun."

Ba a kawo ba. Duk Juma'a tana tambaya, duk Juma'a in ce tukuna. A daminar nan ne ta haifi ɗa namiji, bai kai suna ba ya koma. Ta daina hira, ta daina gyara mani in na kwaikwayi murya ba daidai ba. Tambayar nan kaɗai ta rage mata. Wata Juma'a ina dawowa, shekarata goma sha ɗaya, na tarar da ita zaune ta zuba wa turmi ido. Ta ce, "An kawo?" Sai na ji bakina ya ce an kawo.

Na ce yaron yana taragon ƙarshe, barci ne ya kwashe shi. Na ce ya sauko da keken ɗinki a ka da turmin atamfa a hamata. Uwar ba ta gane shi ba saboda gemu, sai da ya ɗauki ƙwaryar ya sha ya ce furar ta yi tsami kamar kullum. Inna ta yi dariya, ta yi kuka, ta share ido da gefen zane, ta tashi ta ɗora tukunya. Daga baya na ji ta tana ba matan unguwa labarin ta kan katanga, har da ƙarin da ban sa ba. Ban taɓa gaya mata gaskiya ba. Na yi istigfari a kai, na girma, na yi aure, na manta.

Wata bakwai ke nan da 'yan bindiga suka tare motar da ta ɗauko mutane daga kasuwar Moriki, suka shiga daji da su. Autanmu yana ciki. A makonnin farko an kira waya sau biyu, mun ji muryarsa sau ɗaya. Daga nan shiru. Baba ya riga mu gidan gaskiya tun kafin wannan masifa, ƙauyen kuma ya watse, geron bara ma a gona aka bar shi. Maigidana ya ɗauko Inna ya kawo ta nan Kaura Namoda. Idonta ya yi yana, ba ta ganin komai sai inuwa, amma ba ta yarda a shimfiɗa mata tabarma ko'ina sai inda za ta fuskanci ƙofar gida. In masu jaje suka zo, takan ce Allah ne mai mayarwa. In sun tafi, muka rage mu biyu, sai ta ƙara a hankali, "Ko yaron jirgi, wa ya zaci zai dawo?" Ba da fim ta dogara ba, na sani, mace ce mai carbi. Amma a cikin duk labaran da ke shigowa gidan nan, shi kaɗai ne wanda ɗa ya komo.

Da azahar ta wuce na shige kicin na ja ƙofa, na rage murya, na kunna. 'Yata ta biyo ni ta raɓe a kafaɗata.

Busar sarewar farko tana tashi na ji ƙamshin hayaƙin janareta da gumin yara. Wallahi na yi murmushi. Shekara nawa ina son in san abin da ya faru a tashar nan, har na haƙura. Ga shi a tafin hannuna, hoto tas, babu layin nan da ke rawa a ƙasan kaset. Ga ɗan wasan, shi ɗin ne dai, ya yi tumbi, furfura ta cika masa haɓa. Ya sauko daga wata doguwar mota baƙa. Ba jirgi.

Matar da ta fito a matsayin uwar ta rasu shekarun baya, na taɓa ji a rediyo. Ban yi tunanin yadda za su yi da wannan ba sai da na gani. Minti biyar da farawa, wani tsoho ya riƙe hannun ɗan ya kai shi maƙabarta. Ya nuna masa tudun ƙasa, ya ce a kan bencin tasha aka tsince ta, ƙwaryar na gefenta.

Sauran ban gane kansa ba. Wai zai auri wata, wai wani yana son gādon fili, ga tallar man shafawa tana katse magana. Na riƙa tura hoton gaba da yatsa ko za su ce mafarki ne. Ba su ce ba. Na ji haushinsu, na kuma rasa laifinsu. Mutuwa ce ta rubuta musu, su ma. Da sun bar ta tsaye a tashar nan tana leƙen fuskoki, da ya fi mani.

"Umma, ba haka Kaka take faɗa ba," in ji 'yata. "Ina keken ɗinkin?"

Ni da nake tsare su a kan ƙarya ko ta wasa ce, ni da nake ce musu mala'ika yana rubutawa, na zauna kan kujerar tsugunno na gaya wa 'yar shekara tara abin da na yi. Ta saurara ba ta katse ni ba.

Aka kira la'asar. Na yi alwala, na yi salla, na daɗe a sujada ban san me zan roƙa ba. In ce data ta ƙare, gobe za ta sake tambaya, kamar Juma'o'in can. In kunna mata, za ta ji an kai ɗa kabarin uwar da ta mutu tana jira. In faɗa mata gaskiya, na ƙwace abin da na ba ta da hannuna, a lokacin da ba ni da wani abin da zan ajiye a gurbinsa.

"Ɗiyata," Inna ta kira daga bakin ƙofa, "kun manta da ni hwa."

Na ɗauki wayar. 'Yata ta zare ta daga hannuna, ta danna gefenta har muryar ta mutu gaba ɗaya. Ta matso kusa da kunnena.

"Umma, ai Kaka ba ta gani. Sai mu ce sifikar ta lalace, ni in riƙa gaya mata abin da suke yi. Ki koya mani da sauri, me ya ce da ya sha furar?"